Kicin ɗin da kafinta ya yi mini a gidan gona, bayan damina guda

Da gangan na bari damina ta wuce kafin in ce komai a kan aikin nan. A tsaunin Mambila, inda tudun ya kai kimanin mita 1,600, katakon da bai sha ruwa da hazo ba tukuna, ba a san halinsa ba.

Gidan gonar ƙarami ne, ɗaki biyu na katako da rufin kwano, a bayan Nguroje. Iyalina suna Jalingo. Masu kwana a can ni ne da ƙanena da yaran da ke kiwon shanu, sai abokai idan sun hawo. Shi ya sa na ce wa kafintan kicin na maza nake so, babu tayil mai sheƙi, babu farin fenti. Wurin da za a sara nama, a ɗora shayi, a zauna a ji ɗumi. Na nuna masa hotunan ɗakunan katako na Turawa a waya. Ya duba ya ce, "Alhaji, nasu itacen daban, nasu sanyin daban. Ka bari mu yi da abin da ƙasarmu ke da shi." Wannan maganar ce ta sa na ba shi aikin.

Madobiya na so a yi kantar da ita saboda launinta. Ya ce tun da aka yi ta sare ta a Taraba ana kai wa China, mai kyau ta yi wuya, kuɗinta kuma ya wuce hankali. Madaci ya kawo daga ƙasan tsauni, falanki mai kauri, ya goge samansa ya bar gefen yadda itacen ya fito. A ƙarshen kantar ya kafa gungumen kirya na saran nama. Duk wanda ya san turmin kirya ya san abin da nake nufi. Wata da watanni adda na sauka a kai, ko tsagewa bai yi ba. Idan hasken safe ya shigo ta taga ya faɗa kan jan madacin nan, wallahi sai in tsaya ina kallo kafin in hura wuta.

Murhun shi ne zuciyar ɗakin, kuma a nan ne mutumin ya fi burge ni, ko da yake ba sana'arsa ba ce. Shi ya nemo magini da mai walda, ya tsaya a kansu. Da duwatsun gonar aka gina shi, baki biyu, da waya ta gashi a gefe, da bututun ƙarfe da ke fitar da hayaƙi ta saman kwano. Ya dage sai an yi bangon dutse tsakanin murhu da katakon ɗakin. Na yi ƙorafin ƙarin kuɗi a lokacin, yanzu kuwa ina gode masa, don gobara a ɗakin katako ba ta jiran a ɗebo ruwa. Dutsen yana riƙe zafi har bayan isha'i, yaran ma a nan suke hira.

Tukwane da kasko da wuƙaƙe duk a rataye suke a jikin sandar ƙarfe, ba sai an buɗe komai ba.

Inda ya gaza shi ne durowoyin ƙasa da kantocin bango. Da zaiti, wato itacen turare, ya yi su, wanda ya cika ko'ina a Mambila, amma ɗanye ya sa. Zaiti idan bai bushe sosai ba, murɗewa yake yi yana tsagewa. Kafin tsakiyar damina ƙofofi biyu sun daina rufuwa, kanta ɗaya ta lanƙwashe har kwalbar zuma ta gangaro ta fashe. Abin ya ɓata mini rai, domin na tambaye shi tun farko ya ce ya bushe. Haka kuma sai da na hana yaransa shafa baƙin mai a ƙasan kantar abinci don maganin gara. A ginshiƙin waje ba laifi, amma ba inda ake yanka albasa ba.

Da na kira shi bai yi gardama ba. Ya hawo, ya duba, ya ce, "Laifina ne, Alhaji, gaggawa na yi." Ya cire ƙofofin gaba ɗaya, muka bar durowoyin a buɗe, wanda ma ya fi, don iska na shiga kuma kayan abinci sun daina yin fumfuna.

Zan sake ba shi aiki, amma wannan karon ni zan sayi katakon da kaina tun da rani. Na rumfar gaba ma yana nan a jere ƙarƙashin inuwa, da 'yan sanduna a tsakani, yana shan iska.