Nusr-Et na Dubai: nama ake saya ko kallo?

Duk mai leƙa Instagram ya taɓa cin karo da shi: mutumin nan mai matsattsiyar farar riga da baƙin tabarau, ya lanƙwasa hannu kamar wuyan zalɓe, gishiri na gangarowa ta gwiwar hannunsa yana zuba kan nama. Nusret Gökçe ke nan, Baturken da duniya ta laƙaba wa suna Salt Bae tun Janairun 2017, lokacin da bidiyon nan nasa ya karaɗe ko'ina. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutumin mahauci ne na gaske. An haife shi a 1983 a lardin Erzurum, ya tashi yana yaron mahauta a Istanbul, ya je Ajantina da Amurka ya ga yadda suke sarrafa nama, sannan ya buɗe gidan cin abincinsa na farko, Nusr-Et, a unguwar Etiler ta Istanbul a 2010. Reshen Dubai ya biyo baya a 2014. Sunan ma wasa ne da kalmomi, domin "et" a harshen Turkanci nama ke nan.

Reshen Dubai yana cikin harabar otal ɗin Four Seasons da ke Jumeirah, gefen teku. Jirgin ƙasan birni ba ya bi ta nan, don haka wanda ya sauka a Deira, inda yawancin 'yan kasuwarmu ke sauka, tasi zai hau, kuma ya ƙara wa kansa lokaci saboda cunkoson yamma. A kama tebur tun kafin ranar, musamman daren Juma'a da na Asabar, tunda daga 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai ya koma Asabar da Lahadi. Da dare wurin cike yake, kiɗa na tashi, hira sai da ɗaga murya. Mai son ya ci namansa a natse, ko mai tafe da dattijo, ya zo da rana.

Kafin a buɗe takardar abinci, a san cewa ba duk nama ne ɗaya ba, kuma nan ne kuɗi ke ƙonewa. Abin da suke kira lokum tsokar nan ce mai laushi da ke kwance ƙarƙashin ƙashin baya, wadda saniya ba ta aiki da ita. Ana yanka ta fale-fale, a ɗora kan wuta na ɗan lokaci kaɗan. Lokum sunan alewar Turkawa ne, laushin ne ya jawo mata sunan. Ba ta da kitse, saboda haka ɗanɗanonta bai kai laushinta ba. Wanda suke kira spaghetti kuwa babu taliya ko ɗaya a ciki, nama ne aka tsaga sirara-sirara. Tomahawk naman saman haƙarƙari ne da aka bar wa dogon ƙashinsa kamar ƙotar gatari. Yakan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma a tuna har da ƙashin aka auna, ƙashin nan kuwa sai hoto. Kitse ya ratsa tsokarsa, shi ya sa ya fi lokum zaƙi nesa ba kusa ba. Sai kafes, haƙarƙarin rago, da asado, haƙarƙarin sa da ake gasawa a hankali na sa'o'i har ƙashi ya zare da kansa.

Ga wanda ya tashi da balangu da tsire, asado shi ne zaɓin da ba a nadama. Dalilin yana cikin naman kansa. Haƙarƙarin sa cike yake da jijiya da kitse, doguwar wuta marar ƙarfi tana narkar da jijiyar ta zama danƙo mai daɗi, don haka nama ya nuna luguf, babu ja ko kaɗan, kuma bai bushe ba. Lokum akasin haka take. Tunda babu kitsen da zai kare ta, da zarar zafin cikinta ya haura digiri 70 sai tsokar ta tsuke ta matse ruwanta waje. Wanda ya ce a gasa masa ita har ta yi baƙi ya biya kuɗin nama mafi tsada a jikin sa, ya ci abin da mai balangun bakin titi ya fi shi iyawa.

To ina batun jan ruwan nan da ke sa mutanenmu ture faranti? Ba jini ba ne. Jini ya fita tun wajen yanka. Abin da ke tsatsowa ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari da ke ba nama launinsa, wanda ke komawa ruwan toka idan zafi ya yi yawa. A digiri 54 zuwa 57 cikin naman ja ne mai ɗumi, shi ne abin da masu gashi suka fi so. A digiri 60 zuwa 63 jan ya dusashe ya zama ruwan hoda, naman bai rasa ruwansa ba. Wannan na biyun ake kira "midiyam", kuma shi ne daidai ga wanda zuciyarsa ba ta karɓar ja. A faɗa wa mai hidima da baki tun farko, kada a bari sai an yanka. Idan an kawo bai kai yadda ake so ba, ana iya mayar da shi wuta, amma wanda ya wuce ba ya dawowa. Abu biyu kuma a sani kafin a nuna su da yatsa: carpaccio ɗanyen nama ne ƙwal, sushin nama kuma samansa kawai ake babbakawa da 'yar wutar hannu a gaban mai ci.

Akwai wani kuskuren da wayar hannu ke jawowa. Ana yanka naman a kan katako a gaban tebur, kuma yankakken nama ba ya riƙe zafi. Minti biyar na ɗaukar bidiyo, da sake ɗauka don gishirin bai fito da kyau ba, sun isa kitsen ya daskare ya riƙa manne wa dasashi. Mutum ɗaya ya ɗauki hoton, sauran su sa hannu. Haka abincin da ake kawowa a faranti mai zafi da man shanu yana tafasa, da gasasshen burodi a ciki: naman ci gaba yake da nuna muddin yana kwance a man, don haka a kwashe shi da wuri. Gishirin da ake barbaɗawa kuwa mai manyan ɓarɓashi ne, yana ƙaras-ƙaras a baki, amma hannun mai wasa ba ma'auni ba ne. Mai hawan jini ya ce a rage, ko a ajiye masa a gefe. Yaji irin na tsire kada ma a sa rai.

Sai zinaren. Shi ya fi komai jan ido, shi ne kuma ya fi komai rashin amfani. Takardar gwal ce mai karat 24 ake liƙa wa naman bayan an gasa. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da ƙamshi, ciki ba ya narkar da ita, yadda ta shiga haka take fita. Sirantarta ta kai a ce giram ɗaya, idan an buga shi, zai rufe kusan rabin murabba'in mita. Ma'ana, duk ƙyallin da ke jikin tomahawk bai kai giram ɗaya ba. Hajiyar da ta saba da kasuwar gwal ta Deira ta san kuɗin giram, sai ta kwatanta da tazarar da ke tsakanin farashin mai zinare da marar zinare a takarda, lissafin zai yi mata bayani. Nama ɗaya ne, wuta ɗaya ce. Ko ɗan ƙwallon Faransa Franck Ribéry, da ya ci irinsa a Dubai a Janairun 2019, abin da ya kwasa shi ne surutu, har ƙungiyarsa ta Bayern Munich ta ci shi tara saboda zagin da ya mayar wa masu sukarsa. Batun almubazzaranci kuwa na malamai ne.

Mashahuran mutane su ne jarin wurin. Leonardo DiCaprio ya ci a reshen Dubai a 2017, Maradona ma ya zo, 'yan ƙwallo kuwa ba a ƙirga su. Wani lokacin tallan kan juye da ƙura, kamar cin da shugaban Benezuwela Nicolás Maduro ya yi a reshen Istanbul a Satumban 2018 alhali ƙasarsa na fama da ƙarancin abinci, ko shigar Nusret fili bayan wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Katar a Disamban 2022, inda ya riƙe kofin har FIFA ta ce za ta bincika. Sai dai kada a biya kuɗi don ganin wani. Mai gidan yana da rassa a ƙasashe da dama, ba kullum yake Dubai ba, kuma ma'aikatan da ya horar su ke yin yankan da barbaɗin. Sun iya, wuƙarsu na da kaifi, amma ba shi ba ne.

Wajen kuɗi a buɗe ido. A Nuwamban 2022 Nusret da kansa ya wallafa takardar kuɗin wani tebur a reshen Abu Dhabi, dirhami 615,065, wato sama da dala 160,000. Mafi yawan kuɗin na giya ne, ba na nama ba, don haka wanda ba ya sha ya riga ya tsallake babban ramin. Sauran ramukan ƙanana ne amma suna da yawa. Dankali, ganye, albasar nan da ake tsagawa kamar fure a soya, kowanne da kuɗinsa daban. Ruwan kwalba ma haka. A gidajen abincin otal a Dubai akwai kashi 7 cikin ɗari na hukumar birni, kashi 10 na hidima, da kashi 5 na harajin saye. A duba ƙasan takarda a ga ko an haɗa su a farashi, domin idan ba a haɗa ba dirhami 1,000 ya haura 1,200. In mai hidima ya ce a bar masa zaɓi, a tambayi nauyi da farashin kowane abu kafin a gyaɗa kai. Babu abin kunya a ciki. Giram 250 zuwa 300 na nama ya ishi babba, tomahawk ɗaya ya ishi mutum uku idan akwai abin haɗawa.

Naman shanu da na tumaki da ake shigarwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sai da shaidar halal, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ana sayar da giya a wurin, kuma tana kan teburan maƙwabta. Mai iyali ya san da haka kafin ya kama tebur.

A bar wa baklawa, kayan zaƙin Turkawa mai siririn ɓawo hawa-hawa, gurbi. Yanka guda ne mai faɗi, cike da fistak, wata koriyar ƙwaya mai kama da gyaɗa, ana kawo shi da ɗumi, a buɗe tsakiyarsa a shafa askirim ɗin Turkawa mai danƙo, a mayar a rufe a yayyanka. Zaƙinsa da nauyinsa sun isa mutum biyu su raba ɗaya, da baƙin shayi a ƙaramin kofi. Shi ma ba ya jira, minti kaɗan askirim ɗin ya narke ya jiƙa ɓawon, ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi.