Bitar aikin wani shagon CNC a Sabon Gari: ramin fuli mai tsukewa

Masu injin niƙa da na casar shinkafa a Zariya sun san wahalar fulin da ke zama a kan shaf mai tsukakken baki. Idan ramin fulin bai dace da shaf ɗin ba, sai ya riƙa rawa, ya cinye ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da shaf, daga baya ya lalata shaf ɗin kansa. Wannan ne ya kai ni wani shagon sassaƙar ƙarfe a Sabon Gari mai injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, da buƙatar rami mai tsukewar ɗaya cikin goma, wato faɗinsa yana raguwa da milimita 1 a kowace milimita 10 ta zurfi: 45 a baki, 39 a ƙarshe, zurfi 60.

Darajar shagon tana cikin sassaƙar farko, wadda ake kwashe mafi yawan ƙarfe da ita kafin yankan ƙarshe, kuma ita ce masu aiki da yawa ke yi da garaje. Injiniyan ya fara huda ƙarfen da diril mai milimita 36, sannan ya zana aikin a manhajar zane ta Fusion 360 ya shigar da wannan hudar a cikin zanen, domin kada manhajar ta tsara wa sandar yanka, wadda ke ɗauke da haƙorin da ke cin ƙarfen, hanyar da za ta ɓata lokaci tana yankan iska. Ya nuna mini a allon kwamfuta cewa idan aka bi ramin a miƙe, layi bayan layi, bangon zai fito da matakala, kuma idan aka bar su haka, haƙorin yankan ƙarshe zai riƙa cin ƙarfe mai kauri a nan da marar kauri a can, sandar ta lanƙwashe ta dawo, awo ya kuɓuce. Saboda haka ya sa manhajar ta bi gangaren ramin ta share matakalan, ta bar milimita 0.3 daidai wa daida tun daga baki har ƙarshe. Umarnin sassaƙar farko na G71 da ke cikin injuna masu ƙwaƙwalwar kamfanin Fanuc yana yin kusan haka, amma ganin hanyar a allo kafin a taɓa ƙarfe ya fi kwantar wa mai kaya hankali, musamman a kan inda bayan sandar zai iya gugar bango a wurin da ramin ya matse.

Ya kuma kiyaye tsawon sandar. Sandar ƙarfe ta yau da kullum ba a so ta fito fiye da ninki huɗu na kaurinta, in ba haka ba sai ta fara karkarwa, a ji wani ƙara mai tsinin gaske, a ga bangon ramin ya yi zane-zane. Tasa mai milimita 25 ce, kuma bai fito da ita fiye da abin da zurfin ya buƙata ba.

Inda ban gamsu ba shi ne fitar ɓurɓushin ƙarfe. Ruwan sanyaya nasu daga waje yake fesowa, ba ta cikin sandar ba, don haka ɓurɓushin ya riƙa taruwa a ƙarshen ramin, har sai da aka tsayar da injin aka zaro shi da ƙugiya, dogo, a murɗe, ya yi shuɗi saboda zafi. Da irin wannan ya shiga tsakanin haƙori da bango a yankan ƙarshe, da ya bar tabo. Ɗaukewar wuta ma ta jinkirta aikin, domin ba sa son tayar da janareta saboda kaya guda.

Da aka gama, an shafa wa shaf ɗin shuɗin man gwaji aka zura shi aka ɗan juya, launin ya kama bangon kusan ko'ina, ba a baki kaɗai ba. Kuɗinsu ya fi na masu injin hannu nesa ba kusa ba, tunda ana cajin zane da saiti daban, kuma wanda ke son fuli guda na gaggawa zai ji nauyinsa. Mai son guda goma iri ɗaya kuwa sau ɗaya zai biya kuɗin zane, kuma ina ba shi shawarar ya tafi da shaf ɗin kansa, kada ya dogara da awon da ya rubuta a takarda.