Allon jerin ayyukan gida da ake mannawa a firij: abin da na gani

Ba wani abin a zo a gani ba ne. Farin allo ne mara nauyi mai maganaɗisu a bayansa, ana manna shi a ƙofar firij. Gefen hagu an buga jerin ayyuka, sama ranakun mako, can ƙasa kuma an bar ɗan fili na ayyukan wata-wata. Ya zo da maka (alƙalamin rubutu a allo) biyu da ɗan soson gogewa. Ka yi aiki, ka sa masa alama; mako ya ƙare, ka goge a sake sabon lale. Na jima da shi, har makar farko ta bushe.

Sashen ayyukan kullum, in gaskiya za a bi, ɓarnar fili ne. Wanke-wanke, shara, gyaran gado, fitar da bola, wa yake bukatar a tuna masa waɗannan? Kwanukan da suka taru su da kansu suke kiranka. Ban daɗe ba na daina sa musu alama, kuma babu abin da ya ragu.

Inda allon ya biya ni shi ne ayyukan da ba sa kira. Fukafukan fanka, ƙarƙashin gado, bayan firij, hannun ƙofa, makunnin fitila, gindin kwandon shara. Da za a tambaye ni yaushe rabona da goge saman durowa, sai in ce kwanan nan, har zuciyata. Da na fara rubuta kwanan wata a gefen kowane aiki, sai ga "kwanan nan" ɗin ya zama wata biyu. Ranar da na hau kujera na goge fanka, tsumman ya sauko baƙi ƙirin, ƙurar ta dunƙule tana zubowa ɓaro-ɓaro, alhali daga ƙasa kullum fes nake ganinta.

Wasu ayyukan kuma akwai dalilin da ya sa mako-mako ne lokacinsu. Sauro kan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10 idan akwai ɗumi, shi ya sa na ƙara layin "zubar da kwantaccen ruwa": farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fulawa, bokitin da aka manta, duk abin da ruwa ke kwana a ciki. In ana zubarwa duk mako, ba ya samun sukunin kammala girma. Haka zanin gado; ƙananan ƙwarin nan na ƙura da ido ba ya gani suna rayuwa ne a kan ɓurɓushin fatar jikinmu, kuma wanki da ruwa mai zafin digiri 60 na kashe su.

Sai dai wanda ya tsara jerin da aka buga, ban tsammanin shi yake aikin gidansa ba. Ya sa shara da goge ƙasa a farkon jerin, kakkaɓe ƙura a ƙarshe. Duk mai riƙe tsintsiya ya san daga sama ake farowa, in ba haka ba ka share ɗaki sau biyu. Sannan rubutun ba ya goguwa, ga shi an cika shi da ayyukan gidan wani: injin wanke kwanuka, injin zuƙe ƙurar kafet. Layukan da aka bari babu rubutu kaɗan ne, dole na liƙa farar takarda a kan wasu na rubuta nawa.

Abin da ya fi damuna shi ne layin banɗaki. An haɗa wanke masai, cire kantar da ruwa ke bari da goge madubi wuri guda, babu ko kalmar gargaɗi. Ba a haɗa bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta da ake wanke masai da shi, da ruwan wanki mai asid, irin na cire kanta, don iskar kulorin suke fitarwa. Haka ma idan ya gamu da amoniya da ke cikin wasu ruwan goge gilashi, wata iskar mai guba ce ke tashi. A ɗan ƙaramin ɗaki rufaffe wannan ba wasa ba ne. Na raba su rana daban-daban, na rubuta gargaɗin da jar maka.

Tawadar takan bar inuwa idan ta kwana biyu a jiki, amma ɗan sifirit a auduga na fitar da ita. Maganaɗisun ba shi da ƙarfi, in an buga ƙofa sai allon ya zame. Kafin ka saya ma gwada wani maganaɗisu a firij ɗinka, don wasu ƙofofin ƙarfen da ba ya tsatsa ba sa kamawa sam.

Babu gurbin suna, sai muka ba kowa launin makarsa. Hakan ya rage musun "ai ni na yi jiya", ko da yake yara sun gano da wuri cewa sa alama ya fi ɗaukar mofa sauƙi, don haka sai an bi an duba. Na taɓa gwada manhajar waya, amma tunatarwar ni kaɗai take zuwa wa, in share ta da yatsa in ci gaba da harkata. Allon kuwa duk mai buɗe firij sai ya gan shi.

In zan sake saye, wanda babu rubutu a jiki zan nema, mai faɗin sashen wata-wata da gurbin kwanan wata, kuma mai ramin ratayewa a bango ko da maganaɗisun ya gaza.