Keken ɗan makaranta a Holand da namu na Damagaram

Yaya, ina gaisuwa, a gaida mutanen gida. Ga bayanin da ka nema kan yadda yara ke zuwa makaranta a nan Holand.

A Damagaram, daga ƙofar lise Amadou Kouran Daga kaɗai mutum zai gane gidan da yaro ya fito: ɗan mai hali a kan moto, na tsakiya a keke ko kabu-kabu, ɗan talaka ya tako da ƙafa tun daga Kara-Kara ko Garin Malam. A nan lissafin bai tafi haka ba. Kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma ɗan likita da ɗan lebura duk keke suke hawa, wasu kilomita 10 ko fiye, ko ana ruwa. Wanda aka fi gani a tashar bas shi ne ɗan baƙi, musamman 'yan mata daga gidajen 'yan asalin Maroko, Turkiyya da irin namu.

Ba rashin kuɗi ne kawai ba. Yaron Holand tun yana goye ake ɗora shi a kujerar keken uwarsa, sannan ya yi shekaru yana tuƙi a gefenta tana riƙe da kafaɗarsa. Kafin ya gama firamare, wajen shekara 11 ko 12, makarantu da yawa na yi masa jarrabawar dokar hanya. Uwar da ba ta taɓa hawa ba kuwa, tsoron titi take ji, sai ta hana. Shi ya sa ake buɗe ajin koyon keke ga mata baƙi a unguwanni, kuma a ganina wannan ya fi raba kekuna amfani.

Keken kansa: na hannu mai kyau ana samu wajen yuro 100 a Marktplaats, shafin saye da sayarwa na intanet, kusan jika 65 ke nan. Gidan da ba shi da ƙarfi yana iya neman taimakon ƙungiyar agaji ta Stichting Leergeld, suna ba 'yan makaranta keke. Wanda ya fi jure wahala shi ne mai nauyin nan marar giya, wanda ake taka feda baya ya ja birki, don babu wayar birki da za ta tsinke, kacarsa kuma a rufe take, ba ta cin bakin zane ko doguwar riga. Makulli biyu ake sa wa, na zobe a tayar baya da sarƙa da za a ɗaure jikin keken da ƙarfe. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai, taya zai tarar. Fitila dole ce in duhu ya yi, fara a gaba, ja a baya, kuma tun watan Yulin 2019 riƙe waya a kan keke tara ce.

Inda muka fi su shi ne gyara. Faci a shago ya kan haura yuro 10, wani lokaci a ce ka dawo gobe, alhali mai facin bakin kasuwar Dole zai gama kana tsaye.

Kada dai a ce a kwaso tsarin nan a kai gida yadda yake. Su suna da hanyar keke daban, jan kwalta, ƙasa shimfiɗe, babu zafin watan Afrilu. Siririyar tayar nan nutsewa za ta yi a rairayi, tsidau kuma ya huda tub a kwana biyu. Wanda zai saya wa ɗansa a can ya nemi mai faffaɗar taya, ya riƙa goge kaca kafin ya ɗiga mai kaɗan, don mai da yawa ƙura yake kamawa ya cinye haƙoran. In 'ya mace ce, a zaɓi marar sandar tsakiya, a kuma sa raga a tayar baya saboda hijabi.