Na yi daminar bana da kabido

Duk manomin da ya taɓa yin noma cikin marka sanye da rigar ruwa ta leda ya san halinta: ruwan sama bai taɓa ka ba, amma gumi ya jiƙa ka sharkaf daga ciki. Shi ya sa bana na nemi kabido. Matasa da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Lulluɓi ne da ake saƙawa da kaba, wato ganyen ƙaramar goriba, a kifa shi a ka ya sauko ya rufe kafaɗu da baya. Da shi makiyaya da manoma suke shiga ruwa tun kafin zuwan laima.

Wani dattijo mai saƙar tabarma a kasuwarmu ne ya yi mini. Da na tambaye shi ko ruwa zai ratsa, sai ya ce, "Ɗana, in ya ɗiga maka, dawo da shi." Bai ɗiga ba. Sirrin yana wurin jerin ganyen: kowane layi ya hau kan na ƙasa da shi kamar jinkar ɗaki, ruwa ya gangara ya zube bayan ƙafa. Inda ya fi burge ni shi ne lokacin da na duƙa da fartanya a cikin gero. Bayana a rufe, hannuwana biyu a sake, iska tana shiga ta ƙasa, ba zafi ba ƙaiƙayin gumi. Ko ƙaya ta kama shi ba ya yagewa irin na leda.

Yana da nasa aibin. In ruwa ya zo da iska ta gaba, ƙirji da wando sai sun jiƙe. In ya sha ruwa sosai yana nauyi a wuya. Kan babur kuwa kada ma a gwada, iska za ta ɗauke shi. Sannan yana son kulawa: a rataye shi ya bushe bayan kowane ruwa, don in aka yar da shi a ƙasa fumfuna da gara ba za su bar shi ba. A riƙa kakkaɓe shi kafin a saka, saboda kunama.

Ga mai aikin gona ko kiwo, ina ganin ya ci kuɗinsa. Wahalar ita ce samun mai saƙar, domin yawancinsu tsofaffi ne kuma sai an ba su aiki suke yi. Wanda yake so ya yi magana tun da bazara, lokacin da hannunsu bai shiga gona ba.