Tashar Sadat ta Alƙahira: abin da na gani a ƙarƙashin Dandalin Tahrir

Mutanenmu na Kaduna da ke zuwa Masar neman magani ko karatu yawanci tasi suke bi, su ƙare kuɗinsu a cunkoson tituna. Ni da na raka Gwaggona ganin likita a unguwar Dokki, jirgin ƙarƙashin ƙasa muka riƙa shiga daga tashar Sadat, kuma ina ba duk mai ƙwarin ƙafa shawarar ya gwada.

Tashar tana ƙarƙashin Dandalin Tahrir ne, kusa da tsohon gidan tarihin Masar. Ƙofofinta a warwatse suke a kewayen dandalin, kowacce da alamar harafin M. Kana sauka za a sa jakarka a na'urar bincike, ka sayi tikiti gwargwadon yawan tashoshin da za ka wuce, ka zura shi a ƙofar ƙarfe ta tofo maka shi. Kada ka yar, da shi za ka fita a can.

Layi biyu ne suka haɗu a nan, ɗaya a kan ɗaya. Na sama shi ne na farko, mai tafiya daga Helwan zuwa Marg, wanda aka buɗe a 1987 da taimakon Faransawa, kuma shi ne irinsa na farko a duk Afirka. Na biyun ya fi zurfi, ya fara aiki a 1996, daga baya aka tsawaita shi ya bi ta ƙarƙashin Kogin Nilu zuwa Giza. Shi muke hawa. Tsakanin Sadat da tashar Opera na ce wa Gwaggo kogi ne a kanmu yanzu. Ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Kai ɗan nan, da ka bari sai mun fita ka faɗa min." Har muka isa Dokki tana salati.

Abin lura a wajen shiga: allunan ba sa cewa gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe suke rubutawa. Mai zuwa Dokki ko Jami'ar Alƙahira sai ya bi inda aka rubuta Munib, ba Shubra ba. Wanda ya yi Islamiyya ya huta, Larabcin a fili yake, akwai kuma Turanci. Taragu biyu na tsakiya na mata ne zalla, amma mace tana iya shiga kowanne, don haka ba mu rabu ba.

Matakala suna da yawa, hanyoyin ciki kuma dogaye ne. Mai ciwon gwiwa ko wanda aka yi wa tiyata, a nema masa mota kawai. Lokacin tashi daga aiki kuwa, turereniyar ta yi kama da Kasuwar Barci ana jajibirin Sallah. Mu da hantsi muke fita, mu samu wurin zama.

Siyasa ma ta taɓa tashar. An rufe ta a watan Agustan 2013 saboda rikicin da ya biyo bayan kifar da gwamnatin Shugaba Mursi, ba a sake buɗe ta ba sai Yunin 2015. Duk tsawon lokacin nan masu sauya layi sai su je tashar Shuhada, wadda ita ma kafin 2011 sunan Shugaba Mubarak take amsawa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dabarar layin farko. Tsawonsa ya haura kilomita 40, amma ramin bai kai kilomita 5 ba. Tsofaffin layukan dogo biyu ne da ma suke akwai, na kudu da na arewa, sai aka haƙa rami a tsakiyar birni aka haɗa su. Mu ma a Kaduna tsohon layin dogo ya ratsa gari, daga wajen Kakuri ya haye kogi ya nufi Zariya. Duk safiya idan na maƙale a kan gada cikin bas, lissafin da nake yi ke nan: da an gyara shi an sa masa jirgin cikin gari, ma'aikata nawa ne za su bar titi?