Sharhi kan irin tattasai mai siffar ayaba da na gwada a Tawa

A watan Oktoban bara ƙanena ya kawo mini fakitin irin tattasai daga wani shagon kayan noma a Yamai, irin wanda Turawa suka laƙaba wa sunan ayaba saboda ƴaƴansa dogaye ne, rawaya, masu ɗan lanƙwasa. Jika biyu ya saye shi. Na yi rainonsa a cikin tsohuwar tasa da na huda gindinta, na gauraya yashi da ruɓaɓɓen takin awaki, kuma cikin ƙwaya 30 da na zuba, 24 suka tsiro kafin kwana 12. Bayan mako shida na dasa su a garkar bayan gida, na bar tazarar santimita 45 tsakaninsu, sannan na kafa zana ta gefen gabas domin iskar hunturu.

Wajen ƴaƴa ba ni da ƙorafi. Kimanin kwana 70 bayan dashe na fara tsinka, kowane ɗa ya kai tsawon tafin hannu, kuma wanda aka bari a jikin uwa yakan rikiɗa daga rawaya zuwa ruwan lemo, daga nan ya yi ja, zaƙinsa ya ƙaru. Fararen ƙudaje ƙanana sun taru a ƙarƙashin ganye, amma ruwan ƴaƴan dogon yaro da na riƙa fesawa da yamma ya rage su.

Inda na ga aibu shi ne bayanin da ke bayan fakitin. An rubuta shi ne domin ƙasashen sanyi, inda ake jiran ƙanƙara ta wuce kafin a dasa, wato daidai lokacin da mu a nan bazara ke kankama. Tattasai kuwa da zarar zafi ya haura digiri 35 sai furensa ya riƙa kakkaɓewa, alhali a Afrilu garinmu yakan wuce 40. Na gani da idona: a ƙarshen Maris nakan tarar da fararen furanni zube a kan damshin ƙasa kowace safiya, duk da ban ruwan da nake yi safe da yamma. Wanda ya bi wancan bayani ido rufe, ganye kawai zai noma.

Ya kamata mai saye ya san cewa wannan tattasai ba shi da yaji. A ma'aunin Scoville, wanda ake auna zafin yaji da shi, ba ya wuce 500, attarugu kuwa daga 100,000 yake farawa. Maiɗakina ta ɗanɗana miyar farko ta ce: "Malam, wannan ai ado ne," ta tashi ta ɗauko tonka. A kwaɗon zogale da kan gasasshen nama ne ya yi mana rana, har yara na cinsa ɗanye. Namansa na da ruwa, saboda haka bai shanyu da kyau ba kamar jan tattasan Diffa da muka saba dakawa.

Bana a ƙarshen Satumba zan zuba sauran irin, domin in samu ƙarin makonni na tsinka kafin zafi ya sauko.